Ranar Tuna Baya: Daga Tsibiran Jersey da Guernsey Zuwa Bakolori

Gabatarwa

Kowace al'umma tana da ranakun da take keɓewa don tuna wani babban al'amari da ya taɓa samun ta. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana yadda irin wannan rana take kafuwa, da dalilin da ya sa wata ranar takan sami biki, wata kuwa a bar ta a bakin tsofaffi. Za mu ɗauki misalai biyu, ɗaya daga Turai, ɗaya daga ƙasar Zamfara.

Ranar 'Yanci a Tsibiran

Jersey da Guernsey tsibirai ne a cikin tekun da ya raba Ingila da Faransa. Sun fi kusa da Faransa, amma suna ƙarƙashin sarautar Ingila. A Yaƙin Duniya na Biyu, wato Yaƙin Hitila, sojojin Jamus suka mamaye su a tsakiyar 1940, suka zauna kusan shekara biyar. A 1942 aka ƙwace akwatunan rediyo, aka kuma kwashi mutum fiye da 2,000 zuwa sansanonin tsaro a Jamus. Yunwa ta tsananta a ƙarshen 1944, har sai da jirgin ruwan agaji mai suna Vega ya kawo abinci a watan Disamba. Ranar 9 ga Mayu, 1945, Jamusawan suka miƙa wuya.

Wannan rana ce mutanen tsibiran suke yi wa biki kowace shekara. Hutu ce ta hukuma. A birnin Saint Helier na Jersey akan sake kwaikwayon ɗaga tutar Ingila a otal ɗin Pomme d'Or, kamar yadda aka yi a 1945. Ƙaramin tsibirin Alderney kuwa, wanda aka kwashe mutanensa a 1940, ranar 15 ga Disamba yake tunawa, domin a ranar ce ayarin farko ya komo gida a 1945.

Bakolori

To, mu komo gida. An tare kogin Sakkwato a Bakolori don noman rani a ƙasar Talatar Mafara da Bakura da Maradun. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, aka gama madatsar a 1978. Ruwan ya ci gidaje da gonakin mutum wajen 13,000. Waɗanda suke filin aikin aka hana su shuka yayin da ake baje ƙasa da haƙa hanyoyin ruwa. Na gangaren kogi kuma suka rasa ambaliyar da take raya fadamunsu, noman shinkafa da su suka ja baya. Da maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, manoma suka tare hanyoyi, suka tsai da aiki. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba. Wasu suka lissafa fiye da 380.

Ina Bambancin Yake?

Duka al'ummomin biyu sun ga an shigo ƙasarsu da ƙarfi, amma ɗaya ce kaɗai take da ranar hutu. Dalilai uku ne. Na farko, a tsibiran baƙo ne ya yi ɓarnar, ya kuma tafi, saboda haka hukuma da talakawa bakinsu ɗaya. A Bakolori kuwa hukumar da za ta keɓe ranar ita ce ta aiko da bindiga. Na biyu, labarin tsibiran ya ƙare da komawa gida, amma wanda ruwa ya ci garinsu ba shi da inda zai koma. Na uku, Turawan sun adana takardu da hotuna da gidajen tarihi, namu kuwa yawancinsa yana cikin ƙwaƙwalwar mutane, in ban da rubuce-rubucen masana irin su Björn Beckman, waɗanda da Ingilishi suke.

Kammalawa

Keɓe ranar hutu aikin gwamnati ne, amma adana labari aikinmu ne, mu ɗaliban Hausa. Saurayin da ya ga abin da idonsa a 1980 yau ya haura sittin. Ya kamata masu neman batun kundin digiri su nufi Mafara da Bakura da Maradun, su naɗi maganganun dattawa da tsofaffin mata, da sunayen garuruwan da ruwa ya shafe, tun masu faɗa suna raye. In aka yi jinkiri, ko da wata gwamnati ta keɓe ranar nan gaba, za a taru ne ba a san sunayen waɗanda ake yi wa addu'a ba.