Me Ya Sa Gwanayen Harbin Nesa Suke Komawa Ga Ƙaramin Harsashi?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ko Tondikandiya ya taɓa ganin maharbi yana ɗura adaka. Zai zuba albarushi a tafin hannu, ya auna da ido, ya juye a bakin bindiga, ya cusa tsumma ya danna da sanda, sannan ya bi da dalma. In naman da yake nema babba ne ko mai wuyar kusanta, sai ya ƙara awo, ya san kuma kafaɗarsa za ta ji a jikinta. Da wannan fahimta muka girma: yawan gari da girman dalma su ne nisan harbi. Shi ya sa abin da ke faruwa a filayen gasar harbin nesa na duniya cikin shekaru ashirin ɗin nan ya ja hankalina, domin gwanayen da ke harbin faranti daga nisan kusan kilomita guda rage girman harsashi suke ta yi, kuma da ƙaramin suke cin kofi.

Kusan rabin ƙarni, harsashin .308 Winchester ne sarki a wannan fage. An fito da shi kasuwa a 1952, kuma tagwayensa ne, mai milimita 7.62, rundunar NATO ta ɗauka a 1954. Tun da na soja ne, sai ya wadata ko'ina, ya yi araha, aka san halinsa ciki da bai. Gasar Palma, wadda ta faro a 1876 a Amurka, har yau da shi ake yin ta a yadi 800 da 900 da 1,000, da ɗan harsashi mai nauyin giram 10. Haka ma a Bisley ta Ingila, inda maharban ƙasashen renon Ingila ke haɗuwa tun 1890.

A 2007 kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor, wanda injiniya Dave Emary da gwanin harbi Dennis DeMille suka tsara don gasa tun daga tushe. Da farko ba a yi rububinsa ba. Sai da aka kafa jerin gasannin Precision Rifle Series a 2012 kasuwarsa ta buɗe, kuma ba a jima ba na gaba-gaba suka sake gangarowa zuwa milimita 6: su 6mm Creedmoor, da 6 Dasher, da 6 GT.

Babban dalili iska ce. Faɗuwar harsashi saboda nisa ba ta tayar wa gwani da hankali, don lissafi ne tsayayye: ya san nisan, ya murza madubin hange, magana ta ƙare. Iska kuwa ba ta da alkawari. Wanda ya taɓa tsayawa a kwarin Dallol Boso da hunturu ya san haka. Inda kake tsaye ƙura gabas ta nufa, can gindin tsauni kuma ganyen giginya wani wajen yake kaɗawa, kafin ka kifta ido duk ta sauya. Harsashi yakan yi wajen daƙiƙa ɗaya da rabi a sama kafin ya cinye yadi 1,000, wato mita 914, duk tsawon wannan lokaci kuma iska na tunkuɗa shi. In tana ratsowa ta gefe da gudun kilomita 16 a awa, za ta kautar da .308 mai giram 11 kimanin mita biyu da rabi, na 6.5 mai giram 9 kuwa bai kai mita biyu ba. Da'irar maki goma da ake nema a wannan nisa a gasar F-Class ta Amurka faɗinta santimita 25 ne, kamar murfin tukunya. Kuskure kaɗan wajen ƙiyasta iska ya isa ya fitar da mutum daga sahu. Sirrin yana ga siffa: siririn harsashi mai tsawo da tsinin baki ya fi tsaga iska, bai saurin gajiya, don haka yakan isa da sauran gudunsa, alhali gajere mai kauri ya fara tangaɗi.

Dalili na biyu ya fi burge ni, don ya shafi mutum kansa. A gasar Precision Rifle Series ba kwanciya kawai ake yi a natsu ba. Za a ba ka minti ɗaya da rabi ko biyu ka harba wajen harsashi goma, kana ɗora bindiga bisa shinge ko dutse ko tulin taya, farantan ƙarfe kuma a warwatse a nisa daban-daban. Ba mai gaya maka inda harbinka ya faɗa. Kai ne za ka gani ta madubi: ƙura ta tashi hagu da farantin, sai ka gyara kafin na biyu. Bindiga mai shuri tana ɗauke idonka daga wurin a daidai wannan ƙiftawar, kafin ka dawo ƙurar ta baje, ka yi asarar harsashi ka kuma yi asarar darasin da ya zo da shi. Mai milimita 6 mai giram 7 shurinsa kaɗan ne, har mai harbi kan bi sawun harsashinsa a cikin iska da ido. Maharbanmu na baka sun san wannan tun da daɗewa, domin kibiyar farko ita ke nuna wa ta biyu hanya.

Na'urar auna nisa da hasken lesa, da manhajar lissafi a wayar hannu, da ingantaccen harsashin kamfani da ake saye a kwali su ma sun taimaka, don sun sauƙaƙa wa sabon shiga abin da a da sai an shekara ana koyo.

Sai dai sauƙin ƙaramin harsashi ya zo da nasa nauyin. Tura wuta mai yawa ta ƙuntataccen rami na cinye maƙogwaron bututun bindiga. Bututun .308 kan kai harbi 5,000 ko fiye kafin saitinsa ya lalace. Na 6.5 Creedmoor kan tsaya tsakanin 2,000 da 3,000, masu zafi cikin 'yan milimita 6 kuwa sau da yawa ba su kai 2,000 ba. Gasar kwana biyu na cin harsashi wajen 200, ban da na atisaye. Ke nan mai himma sai ya sauya bututu duk shekara, wani ma sau biyu, kowane sauyi kuwa ɗaruruwan daloli ne. Don a kashe ragowar shurin, sai aka riƙa lafta wa bindigogin ƙarfe har suka kai kilo 10, abin da ba mai saɓa shi ya shiga daji. A ganina nan ne wasan ya fara nisa da asalinsa, ya kuma fara tace mutane da aljihu. Masu shirya gasar Precision Rifle Series sun lura, shi ya sa suka ware rukunin masu .308 da .223 kaɗai, da rukunin bindigogin da aka ƙayyade farashinsu. Ƙaramin harsashi yana da wani aibun kuma: in ƙasa ta jiƙe ko ciyawa ta yi tsawo, faɗuwarsa ba ta tayar da ƙurar da za a gani.

Ba kowane fage ne ya bi wannan hanya ba. A F-Class, wadda George Farquharson na Kanada ya assasa don dattawan da ido ya fara gazawa su ci gaba da wasa da madubi da madogara, a kwance ake harbi kuma ana nuna maka inda kowane harbi ya samu. Shuri bai cika cutarwa ba a nan, don haka 'yan milimita 7 irin su .284 Winchester ne suka yi kane-kane a buɗaɗɗen rukuninta. Dokar gasa ce ke zaɓa wa mutum harsashi. Wanda ya sayi abin da zakara ke riƙewa ba tare da ya duba irin gasar da zai shiga ba, ya zubar da kuɗinsa.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne inda tsadar ta kora jama'a. Tun wajen 2017 gasar ƙaramar bindiga mai harsashin .22 ta bunƙasa a Amurka, ana yin ta da tsarin Precision Rifle Series a gajeren fili. Harsashin mai rauni ne, iska na wasa da shi a mita 200 kamar yadda take yi da manya a nesa mai yawa, ga araha, bututun kuma sai ya yi shekaru. Yara da mata sun samu ƙofar shiga ta nan. Afirka ma ba a bar ta a baya ba a harbin nesa: Afirka ta Kudu ta karɓi gasar F-Class ta duniya a Bloemfontein a 2023.

A wajenmu maganar bindiga ba ta da daɗin ji. Sassan jihar Tillaberi sun shiga dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma ba wanda ya manta da sojoji 89 da aka kashe a Cinagodar, arewa da Filinge, a Janairun 2020. Ba mai hankalin da zai nemi a buɗe filin harbin nesa ga farar hula a irin wannan hali, ni ma ban nema ba. Amma natsuwa, da riƙe numfashi, da karanta iska gado ne da jikokin maharban Kurfai suke da shi, kuma akwai hanyar raya shi wadda ba ta da haɗari ga kowa. Wasannin Olamfik sun bar harbin mita 300 tun bayan 1972. A yau ana cin lambar zinariya da bindigar iska mai ɗan ƙwaya milimita 4.5, a nisan mita 10, cikin ɗaki, ba albarushi ko ƙwaya ɗaya. Harbin kibiya ma wasa ne na Olamfik.

Kirana ga hukumomin wasanni a Yamai, da sarakunan baka na Filinge da Damana, shi ne su zauna tare su fara da waɗannan biyun, a makarantu da gidajen matasa, ƙarƙashin idon hukuma. Fili mai tsawon mita 10 ba ya gagarar kowace makarantar sakandare a gundumar.