Tsohuwar Jita A Coal Camp: Nawa Za A Sallama?

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, makaɗan zamani suka cika otal-otal na Inugu da Anacha da Fatakwal, har Prince Nico Mbarga ya fito da Sweet Mother a 1976. Jitar wancan zamani mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, watau bes, in ta faɗo hannun dillali a Coal Camp ta Inugu, inda aka fi sanin kuɗin kayan mota, yaya zai kimanta ta?

Sai ya fara bin asalinta. Kamfanin Fender na Amurka ya ƙera Precision a 1951, Jazz kuwa a 1960. An sayar wa CBS kamfanin a 1965, masu tara kayan tarihi kuwa sun fi daraja ƙirar da ta riga wannan shekara nesa ba kusa ba. Lambarta tana jikin ƙarfen da ya ɗaure wuya da gangar jiki, daga 1976 ta koma can bisa kai. A yi hattara, Japan ta ƙera masu kama da ita barkatai.

Fenti shi ke ruɗin mutanenmu. Wanda gumi ya cinye ba aibi ba ne, shaidar shekaru ce. Dillalin da ya fesa mata sabo don ta yi kyan gani, kuɗinsa ya karya da hannunsa. Ainihin lahani a wuya yake, in ya murɗe, ko an musanya maganaɗisun da ke ɗaukar sauti. Saboda haka kada a yi tayi, kada kuma a ce albarka, sai an jona ta da lasifika an ji kowace tsirkiya, an kwance wuyan an duba kwanan watan da ke gindinsa.