Sakamakon da Ya Zo Ranar Hutu Ya Makara

A yawancin makarantun boko na Najeriya, ranar da za a ba da hutu ita ce ranar da ɗalibi yake sanin matsayinsa. An yi wata uku ana karatu, an yi gwaji, an yi jarrabawa, sai ranar ƙarshe malamin aji ya kira suna ya miƙa wa kowa katinsa. Yaro na isa gida, tambayar mahaifinsa guda ce: "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku, a sa masa albarka. In ya ce na arba'in, ya sha faɗa, wani lokaci har da bulala. Daga nan a ninke kati a jefa cikin akwati. Ba a tambayi inda yaron ya kasa ba, kuma ko da an tambaya bakin alƙalami ya bushe, don darasin da ya gagare shi an baro shi baya tun tsakiyar zango.

Abin ya fi ba da mamaki a gari irin Illela, inda lissafin yau da gobe yake cikin jinin mutane. Birnin Ƙonni na nan kusa a ɓangaren Nijar, kuma ɗan canjin da ke zaune bakin iyaka ba ya jiran ƙarshen wata kafin ya san nawa jakar sefa ta kai a naira. Da safe zai tambaya, da azahar ya sake tambaya, domin ya san jinkirin yini guda na iya cinye masa uwar kuɗi. Amma shi wannan mutumin, ɗansa zai shafe wata uku a aji huɗu uban bai san ko yaron ya iya raba lamba ba.

A takarda, tsarin ilimin Najeriya ya daɗe da hango matsalar. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, kada jarrabawa guda ta yanke masa hukunci, kuma tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 a kan wannan aka ɗora shi. Wannan awo na kai a kai shi ne abin da malamai ke kira CA, wato makin gwaje-gwaje da aikin aji da na gida, wanda yawanci ke ɗaukar 30 ko 40 cikin 100, sauran kuma na jarrabawar ƙarshen zango. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a nan Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, ya gaji wannan tanadi. Niyyar ita ce gwajin mako na huɗu ya nuna wa malami da ɗalibi abin da za a gyara a mako na biyar. Abin da ake gani a makarantu da dama kuwa, a yi gwajin, malami ya kwashe takardu, maki ya shiga rajista, ɗalibi bai ƙara ganin takardarsa ba. Mafi muni shi ne inda ba a yi gwajin ba sam, sai makon ƙarshe a zauna a cike gurbin da ka: mai ƙoƙari a ba shi 25, mai shiru a ba shi 15. Malamai sun san ana yi, ɗalibai ma sun sani, shi ya sa ba sa ɗaukar gwajin da muhimmanci.

Ba sai mun je nesa neman yadda ake yi ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo a Illela ko Kalmalo ko Araba ya ga makarantar da ɗalibi ba ya kwana bai san matsayinsa ba. Yaro zai zo da allonsa ya durƙusa ya biya. Inda ya yi tuntuɓe, malam zai tsayar da shi nan take, ya maimaita masa, ya ce ya sake. In karatu ya zauna, malam ya ce, "Je ka wanke." In bai zauna ba, allon nan ba zai ga ruwa ba, ko da abokan yaron sun wuce shi da sura biyu. Ba lamba, ba na ɗaya ba na biyu, amma yaro ɗan shekara bakwai ya san daidai ayar da ta tsare shi da abin da zai yi kafin gobe. Waɗanda suka yi nisa suna rubuta allo da ka su kawo a duba musu, a gyara wasali da ɗigo a gabansu tun tawada ba ta gama bushewa ba. Gida ma labari na isa ba tare da takarda ba. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ɗanta ya bar babbaƙu ya shiga farfaru, ta san ranar da ya kai Sabbi, ta san lokacin da ya kai Yasin, har ta yi sadaka. Makarantar allo na da nata aibin, dorina na ciki, amma a wannan fanni ta yi wa ta boko fintinkau.

Masu binciken ilimi ma nan suka iso ta doguwar hanya. A 1988 wata masaniya mai suna Ruth Butler ta raba yara gida uku bayan sun yi aiki iri ɗaya: wasu ta ba su maki kawai, wasu ta rubuta musu bayanin abin da suka yi daidai da abin da za su gyara, wasu ta haɗa musu duka biyun. Waɗanda suka sami bayani zalla su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kawai ba, don ido na sauka kan lamba sai yaro ya leƙa ta maƙwabcinsa ya manta da rubutun. Bayan shekara goma, a 1998, Paul Black da Dylan Wiliam a Ingila suka tattara ɗaruruwan bincike irin wannan, suka nuna cewa sanar da ɗalibi inda yake a kai a kai na ɗaga karatu, kuma masu rauni suka fi cin moriyarsa. Ni ban ce a daina ba da maki ba. WAEC da NECO da JAMB da lamba suke magana, dole yaro ya saba. Amma "4/10" da jan biro, ba tare da kalma ko ɗaya ba, ba ta gaya wa yaro komai sai cewa ya faɗi.

Shi kuwa "na nawa ka zo" yaudara ce babba. A 2013 an gwada karatun yaran aji biyu da uku na firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, aka tarar mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta gajeren labari da Hausa. A kowane irin wannan aji akwai wanda ya zo na ɗaya, akwai na biyu, kuma an sa musu albarka a gida. Jerin matsayi yana auna yaro da abokansa ne, ba da abin da ya kamata ya iya ba. A Malawi ma wata mai bincike, Rebecca Dizon-Ross, ta gano iyaye da yawa, musamman marasa hali, ba su san haƙiƙanin ƙoƙarin 'ya'yansu ba, kuma da aka zauna aka yi musu bayanin sakamakon dalla-dalla, sai suka canza irin littafin da suke zaɓar wa kowane yaro.

A bakin iyaka akwai ƙarin ruɗani. Gida ɗaya za ka tarar da wa yana sakandare a Illela, ƙane yana wajen kawunsa a Ƙonni, inda ake bin tsarin Faransa: maki bisa 20 ne, 10 ita ce iyakar tsira, kuma wani darasi ya fi wani nauyi a lissafin jimla. Mai 14 a can ya yi abin yabo, mai 35 bisa 100 a nan ya faɗi. Uban da aka karanta wa lambobin biyu ba tare da bayani ba zai iya yi wa wanda bai cancanta ba faɗa.

Malamai za su ce, "To, da yara tamanin a aji, yaushe zan rubuta wa kowa bayani?" Gaskiyarsu ce, kuma wanda bai taɓa kwana yana duba takardu da fitilar waya ba bai kamata ya yi musu gori ba. Sai dai akwai abin da ke yiwuwa. Gwaji mai tambaya biyar da aka mayar cikin mako guda ya fi mai tambaya ashirin da ya kwana a durowa. Kurakurai uku da suka fi yawa a rubuta su a allo a warware tare, wannan ya wadatar da rabin ajin. A raba yara rukuni biyar, kowace rana malami ya saurari rukuni ɗaya na 'yan mintoci, zuwa Juma'a ya ji muryar kowa. Wanda ya yi baya sosai a kira shi gefe, kada a karanta makinsa gaban jama'a ana dariya. Yaron da aka kunyata sau biyu, musamman yarinya da ta fara girma, sai ka neme ta ka rasa.

Saƙon da zai je gida kuwa ya tafi da harshen da ake ji. Katin da aka cike da Turanci, aka rubuta kalma biyu a ƙasa, ba ya amfanar manomin albasa da ba ya karanta boko. Layi ɗaya da Hausa, ko da ajami, ko kiran waya na minti biyu a tsakiyar zango ya ce, "Alhaji, ɗanka ya iya tarawa, amma ɗebewa na ba shi wuya, kuma ya yi fashi sau shida a watan nan," ya fi katin amfani nesa ba kusa ba. Kwamitin kula da makaranta na al'umma da ƙungiyar iyaye mata na iya kai irin wannan saƙo gidajen da waya ba ta isa. Su ma iyaye su sauya tambaya: "Me malam ya gyara maka a makon nan? Kawo littafin in gani." Ko uba bai iya karatu ba, zai gane shafin da jan biro ya taɓa da wanda bai taɓa ba.

Hedimasta kuma yana da hanya mai sauƙi ta sanin gaskiya. Ya ɗauki rajistar maki a mako na shida, ya shiga aji, ya kira yara biyar daga ko'ina cikin jerin, ya ce kowa ya nuna masa takardar gwajin da ta haifar da lambar da ke gaban sunansa.