Ko Ka Sani? Injin da Ke Ganin Zuciya da Sauti

Ko ka san injin hoton zuciya da likitoci ke kira eko, asalinsa na aikin ƙarfe ne? A shekarar 1953, a garin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka ari wata na'ura daga masana'antar ƙera jiragen ruwa, wadda ake gano tsaga a cikin ƙarfe da ita. Suka ɗora ta a ƙirji, sai ga motsin zuciya ya bayyana.

Injin ba ya amfani da haske. Sauti yake aikawa, siriri ƙwarai, wanda ya fi ƙarfin kunnen ɗan'adam. Sautin ya bugi tsokar zuciya ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto. Man nan mai sanyi da ake shafa wa majiyyaci a ƙirji kuwa, iska yake kora, domin ita ce ke tare sautin.

Ɗaya daga cikin wuraren da injin ke nuna gwanintarsa shi ne a kan dattawa masu ciwon suga. Sau da yawa zuciyarsu tana matsa jini lafiya lau. Mai lafiya kan fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke babban ɗakin hagu na zuciya a kowane bugu, kuma dattijon na iya cika wannan ma'auni. Amma ga shi yana haki in ya hau 'yar matakala, ƙafa kuma ta kumbura. Matsalar a wajen sakewa take. Shekaru da suga sukan sa tsokar ta yi kauri ta sandare, kamar salkar da ta bushe, ba ta buɗewa ta karɓi jini yadda ya kamata. Sai jini ya riƙa taruwa a baya, ƙaramin ɗakin sama ya faɗaɗa. Idan da hawan jini a ciki, abin ya ƙara ta'azzara.

Binciken Framingham na Amurka ya nuna a 1974 cewa ciwon suga na ninka haɗarin gazawar zuciya sau biyu ga maza, sau biyar ga mata.

Akwai wanda ya fi wannan ban tsoro. Suga kan kashe jijiyoyin jin zafi, har hanyar jini ta toshe wa wani sashe na zuciya mutum bai ji komai ba. Sai a kan allon eko likita zai ga gefen da ya daina motsi.