Ko Ubangida Yana Da Ikon Ƙin Sallamar Ma'aikaci Bayan Ciwo?

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo noman rani ya bunƙasa ƙwarai tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima cikin 1984. Saboda haka mutane da yawa, har a garuruwa irin su Dinawa, suna cin abinci da albashi a ƙarƙashin wani. Akwai masu aikin injin casar shinkafa, da masu gadin rumbunan albasa da tafarnuwa, da direbobi, da akawunan attajirai. Wata rigima takan taso tsakaninsu da iyayen gidansu, watau mutum ya kwanta ciwo, a ba shi hutun jinya, in ya tashi ya ga jikinsa ba zai ɗauki aikin ba, sai ya kai takardar barin aiki. Ubangida kuwa ya ce bai karɓa ba, tun da ya biya shi yana kwance. To, yana da wannan iko? A dokar Nijeriya ba shi da shi.

Asalin maganar yana da nisa. A zamanin da, bawan da ke noma a rinji ba ya tashi sai da yardar ubangijinsa. In yana so ya nemi na kansa sai ya riƙa biyan murgu, in kuwa yana son 'yanci sai ya fanshi kansa. A cikin 1901 Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekaran nan ɗa ne, sa'an nan a cikin 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. A 1960 Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930 wadda ta hana aikin tilas, kuma sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya ƙara tabbatar da hanin. Wanda aka riƙe a bakin aiki bayan ya ce ya bari, an sa shi aikin tilas ke nan.

Manyan kotuna sun daɗe da yanke wannan magana. A cikin 1960 an yi shari'a tsakanin Mista T.O.S. Benson, wanda ya yi ministan watsa labarai a gwamnatin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, da abokin takararsa Onitiri. Benson ya ajiye muƙaminsa a hukumar raya birnin Ikko don ya tsaya zaɓen 1959, aka ƙalubalance shi cewa ajiyewar ba ta tabbata ba. Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce ikon ajiye aiki cikakke ne a hannun mai shi, kuma wanda aka kai wa takarda ba shi da zaɓin ya ƙi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan hanya a 2006 cikin shari'ar hukumar jarrabawa ta WAEC da Oshionebo, ta ce takarda tana fara aiki daga ranar da ta shiga hannun ubangida, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Amma fa ma'aikaci shi ma da nasa nauyin, watau notis. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya tsara shi kamar haka: wanda ya yi wata 3 ko ƙasa da haka, kwana 1, wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1, daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2, shekara 5 ko fiye, wata 1. Notis na mako 1 ko fiye lalle ne a rubuce. In jiki ba zai bar mutum ya cika kwanakin ba, ana iya yafe masa, ko a karɓi kuɗi maimakon notis. Albashin da ya rage kuwa dole a biya shi kafin notis ya ƙare ko ranar ƙarewarsa.

Saura batun kuɗin jinya, wanda shi ne hujjar iyayen gida. Sashe na 16 ya ce ma'aikaci yana da hakkin albashinsa har kwana 12 na aiki a cikin shekara in ya kwanta ciwo, muddin likita mai rajista ya ba da shaida. Wannan hakkinsa ne, ba rance ba ne, ba a kuwa ɗaure mutum da abin da yake nasa. In ubangida ya ƙara da alheri, ya biya kuɗin asibiti ko magani don Allah, ladansa yana wurin Allah. In kuwa rance ya bayar, ko kafin alƙalami, to bashi ne, kuma barin aiki ba ya kashe bashi. Sai a yi yarjejeniyar biya, in ta ƙi a tafi kotu. Kuɗinsa zai bi, ba ya riƙe mutum.

Ya kamata mai karatu ya sani Dokar Ƙwadago ta shafi masu aikin ƙarfi ne da na akawu. Manyan ma'aikata da masu ilmin sana'a, kamar likitoci da injiniyoyi, takardar ɗaukarsu aiki ita ke faɗin tsawon notis, ma'aikatan Gwamnati kuma suna da ƙa'idodinsu, amma su ma hukuncin kotunan nan ya rufe su. Soja da 'yan sanda suna da dokokinsu dabam.

Shawararmu ga ma'aikaci ita ce ya rubuta takarda biyu da kwanan wata, ya ba da ɗaya, a sa masa hannu a ɗaya ya ajiye. In an ƙi karɓa, ya miƙa ta gaban shaidu. Ya adana takardar likita, ya mai da kayan aiki da mabuɗai, kada ya sulale ba sallama, domin wannan shi ke ba ubangida hujja a kansa. In an riƙe masa albashi, ya kai kuka ofishin ƙwadago, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato.

Ga iyayen gida kuma, wanda ciwo ya raunana ba zai yi muku aikin kirki bisa tilas ba. Ku sallame shi da mutunci, ku biya shi hakkinsa, domin in ya sami ƙarfi wata rana ƙofarku zai fara tunawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.