Babban Kati da Mai Zafin Zubi: Gaskiya da Ƙarya a Hirar Karta ta Bakin Kainji

Wani dare bayan kasuwa ta watse, an gama ɗora kwalayen banda a mota, na zauna a bencin mai shayi a Shanga kusa da samari huɗu da suka haɗa kai a kan waya ɗaya. Na ɗauka ƙwallo suke kallo. Da na leƙa sai na ga tebur mai koriyar shimfiɗa, mutane zagaye da shi, kowa da tulin kwabban roba a gabansa. Wani mai hular hana-sallah sai tura kwabbai yake tsakiya kamar wanda ya tsinto su a hanya, sauran kuma suna ta ajiye katinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan ƙanwata na cikin samarin. Ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan fa ba caca ba ce, lissafi ne. In Allah ya haɗa ka da mahaukaci irin wannan, ka yi lamɓo da babban kati, shi zai kawo maka kuɗin da kansa."

Na sha jin maganar nan daga baya, a Yelwa da Wara, har a cikin jirgin ruwa. Wasan da suke kallo, wanda ake kira poka, bai zauna a ƙasar Yawuri ba. Kartar da muka tashi muka tarar Whot ce, wadda wani Bature, William Storey, ya ƙirƙira a Ingila a 1935. Amma waya ta shigo da bidiyon poka, ta shigo da zantukan da ke tafe da shi, kuma zantukan sun sauka a kan kowace irin karta da ake zuba wa kuɗi. Abin da ya sa suke da wuyar ƙaryatawa shi ne kusan kowanne da ɗan gutsuren gaskiya a cikinsa.

A nau'in da ya fi yaɗuwa, Texas Hold'em, kati 52 ne. Ana ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya daki-daki: uku, ɗaya, ɗaya. A kowane daki mutum yana iya zubawa, ko ya bi zubin wani, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. Mafi ƙarfin farawa shi ne a ba ka A biyu. Mutumin da samarin ke kira mahaukaci kuwa, shi ne wanda ke shiga kusan kowane rabo, da kati mai kyau da marar kyau, kuma bai iya bi a hankali ba sai ƙari.

To, ɗan ƙanwata ya yi gaskiya a wuri ɗaya. Mai zafin zubi yawancin lokaci burga yake yi. Wanda ke riƙe da kati biyu mabambanta, sau ɗaya cikin uku ne kawai katin ukun farko ke ba shi ɗan'uwan ɗayansu. Sau biyu cikin uku hannunsa wayam, amma sai ya zuba. Don haka masana wasan kan ce in kana da babban kati a gaban irin wannan mutum, wani lokaci gara ka bar masa fili ya yi ta burgarsa kana bi, domin in ka ɗaga murya da wuri sai ya gane ya janye.

Inda maganar ta karkace shi ne mayar da lamɓo ƙa'ida. Masu zafin zubi iri biyu ne. Akwai mai burga wanda ke gudu da zarar an tsaya masa, akwai kuma mai taurin kai wanda ba ya ajiye kati ko da sama za ta faɗo. Yi wa na biyun lamɓo asara ce, tun da duk abin da ka zuba zai bi. Sannan lamɓo na da kuɗinsa: duk katin da ka bari aka buɗe a arha, dama ce ka ba marar ƙarfi ya cike abin da yake nema. Ga kuma matsalar jama'a. In ka yi shiru da A biyu har mutum huɗu suka shigo, damar cinka ta sauko kusa da rabi da rabi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, har a kan tebur. Kuma kada mai lamɓo ya ɗauka shi kaɗai ke da ido. Kifi na ganinka, mai jar koma. Wanda ya yi awa uku bai taɓa kuɗinsa ba, ranar da ya bi zubi sau uku a jere, ko yaro ya san abin da ke hannunsa.

Zancen da ya fi cin kuɗin mutane shi ne wai babban kati ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa, kuma an san sau nawa. A biyu a kan kati biyun da aka zaro a makance tana ci kusan kashi 85 cikin 100. A kan sarki biyu, kusan kashi 82. Adadi ne mai daɗin ji, har sai ka juya shi: a kowane karo bakwai, kusan ɗaya naka ne na kuka. Ka ɗauka mai zafin zubi ya fi ka kuɗi, kuma duk lokacin da kuka kara sai ka tura duk abin da ke gabanka. Ko da kowane karo A biyu ce a hannunka, damar ka tsallake karo biyar a jere ba tare da an share ka ba kashi 44 ce kawai. Ba ta kai rabi ba. Wannan fa da katin da babu na sama da shi.

Shi kansa katin ba kullum yake zuwa ba. Sau ɗaya yake fitowa cikin rabo 221. A teburin da mutum ke rabawa da hannu, rabo kamar 30 ake yi a awa, wato sai ka zauna fiye da awa bakwai kafin ka sa ran ganinsa sau ɗaya. Bidiyon da samarin ke kallo minti biyu ne. An yanke awa bakwai ɗin an zubar, an kuma yanke karon da mai A biyun ya tashi hannu rabbana.

Masunci ya fi kowa saurin fahimtar wannan. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafkin ya cika, mutanen bakin ruwa sun san wurin da kifi ke kwana, sun kuma san cewa sanin wurin ba ya hana a dawo da jirgi fanko. Bambancin shi ne masunci in ya dawo fanko komarsa tana nan. Ɗan karta in ya dawo fanko, komar ce ta tafi.

Sai batun asiri. Duk inda aka ga mutum yana zuba kuɗi ba tsoro kuma yana ci, sai a ce laya gare shi, ko ya yi wanka, ko wani malami ya ɗaure masa bakin karta. Na taɓa ganin wani mai sayen kifi yana shafa wani abu a tafin hannunsa kafin ya karɓi rabo, a bayan wata rumfa, da fitilar waya. A daren ya ci. Mako biyu bayan haka na ji ya jinginar da injin jirginsa, kuma ban ji wanda ya ce layar ta ƙone ba. An dai daina zancenta. Dalilin cin mai zafin zubi a bayyane yake: yana kwashe ƙananan tuli da yawa saboda mutane na tsoronsa, kuma ranar da ya dace da kati mai kyau ba a yarda da shi, sai a bi shi a biya shi cikakke. Cinsa da ƙara yake zuwa, kowa ya gani. Asararsa kuwa shi kaɗai ke lissafa ta a ɗaki.

Amma mai zargin cewa akwai wani abu a ɓoye bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai maguɗi, sai dai na hannu ne da ido: lanƙwasa kusurwar kati, sa masa alama da farce, ko mutum biyu su haɗa baki su sa na uku a tsakiya. A 2012 fitaccen ɗan poka na Amurka Phil Ivey ya ci fam miliyan 7.7 a gidan caca na Crockfords da ke Landan, a wani wasan karta daban. Abin da ya taimake shi 'yar tawaya ce a zanen bayan katin, wadda abokiyar tafiyarsa ta iya ganowa. Gidan ya ƙi biya, suka je kotu, a 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce abin da ya yi maguɗi ne. In a Landan, ƙarƙashin kyamarori, bayan kati na iya magana, ina ga tsohuwar kartar da ta sha gumi da man soya?

Yanzu ga babbar maganar, wai poka ba caca ba ce, ilimi ce. Rabinta gaskiya ne. Akwai gwaninta a wasan, ba kamar jefa kwabo ba. A Janairun 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh ta doke su, abin da ba zai yiwu ba da sa'a ce zalla. Sai dai a lura da yawan rabon da aka yi kafin masu binciken su amince cewa iyawa ce ba dace ba: 120,000, cikin kwana 20. A teburin hannu wannan awa 4,000 ne. Gwaninta tana bayyana ne a doguwar tafiya, ga mai jarin da zai jure hawa da sauka. Wanda ya zo da kuɗin buhun albasa biyu ba doguwar tafiya ya zo yi ba. Dare ɗaya ya zo yi, kuma a dare ɗaya sa'a ce ke mulki.

Samari na son labarin Chris Moneymaker, akawun da ya shiga da ƙasa da dala 100 ta intanet ya ci dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Vegas a 2003. Gaskiya ne, ya faru. Mutum 839 ne suka shiga gasar a shekarar. Ni labarin da na fi so a riƙa haɗawa da shi na Stu Ungar ne, wanda da yawa ke ganin ba a yi mai karanta abokin karawa kamarsa ba, kuma shi kansa mai zafin zubi ne na gaske. Ya ci wannan gasa a 1980 da 1981 da 1997. Cacar wasanni da ta dawaki da ƙwaya suka cinye abin da karta ta ba shi. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ɗan ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, da 'yan ɗaruruwan daloli a aljihu. Labarinsa ya rushe zance biyu a lokaci guda: cewa duk mai zafin zubi wawa ne, da cewa gwani ba ya tsiyacewa.

Akwai mutum ɗaya da ba a nuna shi a bidiyo, wato mai gida. Duk inda ake karta da kuɗi akwai mai cire la'ada, ko gidan caca ne mai lasisi a Legas ko mai tabarma da fitila. Ga misali da na ƙaga don lissafi: mutum shida, kowa da naira 10,000, jimla 60,000. Mai gida na zare naira 200 a kowane rabo. Rabo 30 a awa, naira 6,000 ke nan. In an yi awa biyar, rabin kuɗin da aka zo da shi yana aljihun wanda bai taɓa kati ba, su shidan kuma suna ta hankoro a kan ragowar, kowa na ganin laifin katinsa ne. Saboda haka bai isa ka fi abokan zamanka iyawa ba. Sai ka fi su da ratar da ta wuce la'ada.

Zancen cewa wanda ya faɗi sau uku na huɗu nasa ne bai cancanci dogon bayani ba. Ana cakuɗa karta kafin kowane rabo, ba ta riƙe bashin kowa.

Na ƙarshe da na ji a bencin mai shayin shi ne wai gwamnatin tarayya ta halatta caca, tun da ga tallan Bet9ja da SportyBet a ko'ina, don haka ba mai iya taɓa kowa. Wannan ya tsufa. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko a jihohi sai a Abuja. Kowace jiha ita ke da ta cewa. Jiharmu ta Kebbi kuwa tana cikin jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999, kuma hukuncin caca a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna a makarantar allo. Malamai ba su rataya hukuncin a kan ko akwai iyawa a wasan ba. A kan zuba dukiya suka rataya shi, wani ya kwashe ta wani. A Kano, a 2024, Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Lasisin da ke aiki a Legas ba ya bin mutum zuwa Shanga.

Ban faɗa wa samarin duk wannan a daren ba. Lissafin kashi 44 kawai na yi musu a bayan kwalin siga, da biron mai shayi. Ɗan ƙanwata ya karɓi kwalin ya sake ninkawa a wayarsa, ya sake, yana neman inda na yi kuskure. Da bai samu ba sai ya ce, "To Kawu, ai sai mutum ya daina tura duka." Na ce ai shi mahaukacin naka bai san wani zubi ba sai duka, kuma shi ka ce kana nema. Mai shayi ya miƙo hannu ya karɓe bironsa, ya ce wanda bai biya kuɗin madara ba ya biya, zai rufe.