Mitar Wuta ta Zamani: A Karɓa ko a Dakata?

A ƙarshen watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke ɗauko wutar lantarki zuwa Arewa suka samu matsala, har da layin Shiroro zuwa Kaduna da ɓata-gari suka lalata. Jihohi da dama suka yi kwana da kwanaki cikin duhu, Zamfara na ciki. Ƙanƙara ta yi tsada a Gusau, shagunan cajin waya suka cika maƙil, teloli da masu walda suka koma zaman benci. Duhun ɗaya ne ga kowa, amma lissafinsa bai zo ɗaya ba. Wanda ke da mitar kati, yunit ɗin da ya bari ranar da aka ɗauke wuta shi ya tarar ranar da aka dawo da ita. Wanda ba shi da mita kuwa, sai da ya jira ƙarshen wata ya ga abin da takarda za ta zo masa da shi.

Wannan bambanci shi ne tushen maganar. A garin da wuta ke wuni ta kwana, mita tana taimaka wa mutum ya rage ɓarna. A garin da ake ganin wuta jefi-jefi, aikinta ya fi haka girma, domin ita ke hana mutum biyan kuɗin duhu. Shi ya sa nake ganin mutumin Tsafe ko Bunguɗu ya fi mazaunin Maitama ta Abuja bukatarta.

Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. Har gobe 'yan NEPA muke ce musu, duk da cewa NEPA ta zama PHCN tun 2005, aka kuma sayar da kamfanonin rarrabawa guda 11 ga 'yan kasuwa daga 2013. Abin da sauya sunan bai kawar ba shi ne bil ɗin ƙiyasi. Ko a 2024, waɗanda ke da mita ba su kai rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba. Sauran ƙiyasta musu ake yi, tamkar a sayar maka da gero ba tiya ba mudu, mai hatsi ya dubi buhunka ya faɗi kuɗi. A watan Fabrairun 2020 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ƙayyade iyakar yunit ɗin da za a iya ɗora wa marar mita, gwargwadon abin da masu mita na layinsa ke sha. Doka ce mai kyau, sai dai a farkon 2024 hukumar da kanta ta ci kamfanonin nan 11 tarar sama da naira biliyan 10 saboda tsallake wannan iyaka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu yawan kariyar da marar mita ke da ita.

Mutane kan haɗa mitoci duka su ce "ta kati", alhali ba duka suke ɗaya ba. Akwai tsohuwa mai faifai yana juyawa, wadda ma'aikaci ke zuwa ya karanta. Akwai wadda ake saya wa wuta tukuna a sha: ka biya a waya ko wurin mai POS, a ba ka lambobi 20, ka danna, yunit ya shiga. Tsarin lambobin nan daga Afirka ta Kudu ya faro a farkon shekarun 1990, kuma ba ya bukatar sabis ɗin waya, domin duk bayanin yana ƙunshe cikin lambobin. Sai kuma ta baya-bayan nan, wadda ake kira mita mai basira. Ita ma ana saya mata wuta kamar waccan, amma tana da hanyar sadarwa a cikinta, galibi layin waya, tana aika wa kamfani rahoto: yunit nawa aka sha, ƙarfe nawa aka kawo wuta, ƙarfe nawa aka ɗauke, ƙarfin wutar nawa ne, an taɓa murfinta ko ba a taɓa ba. Kamfani ma yana iya yi mata magana daga ofis, ya sauya farashi, ko ya katse wutar gidan ba tare da an jingina tsani a jikin fal ba.

Da yawa daga cikin waɗanda ake kafawa yanzu kashi biyu ne. Ainihin mitar tana can saman fal a cikin akwati, abin da ke ɗakinka ƙaramin allo ne mai maɓallai, wanda za ka jona a soket ko ka sa masa batir. Idan yunit ya ƙare wuta ta yanke, batiran nan ne za su ba ka damar shigar da sababbin lambobi, don haka kada yara su cire su su sa a tocila.

To, ita mita mai basira, basirar tata wa take yi wa aiki? In za a faɗi gaskiya, kamfani ta fi yi wa. Babban ciwon kansa shi ne wutar da ke fita kuɗinta bai dawo ba, kuma mitar da ke kai rahoto ta rage masa wannan ciwo. Ikon katsewa daga nesa ma ba abin wasa ba ne. A Ingila, a farkon 2023, an yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda kamfanoni ke mayar da masu bashi tsarin biya-kafin-sha, wasu ta hanyar danna maɓalli daga ofis, har da gidajen marasa lafiya da tsofaffi, sai da hukumar ƙasar ta sa baki aka dakatar da kafawar dole. Amma rahoton da mitar ke kaiwa kaifi biyu gare shi. Tun 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20 zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Idan an sa layinku a rukuni mai tsada alhali wutar ba ta kai alkawari ba, na'urar da ke rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa shaida ce a hannunku, ba "wallahi tun jiya ba mu gan ta ba" kawai ba. Saboda haka tambayar farko da maigida zai yi ba ta mitar ba ce, ta layin ce: unguwarmu a wane rukuni take, kuma nawa ne yunit ɗinmu?

Akwai wata tambaya da mu 'yan Zamfara muke da dalilin yi fiye da kowa. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata bayan kusan wata guda, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su kira waya ko su tura kuɗi. Idan irin haka ta sake faruwa, Allah Ya kiyaye, mitar ba za ta daina awo ba, kuma yunit ɗin da ke ciki ba zai gudu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sayen sabo. Don haka a tabbatar mitar da za a kafa tana karɓar lambobi ta hannu, ba sai ta iska kaɗai ba, a kuma rubuta lambar mitar a takarda a ajiye, yadda ɗan'uwa da ke Zariya ko Kano zai iya saya ya aiko da lambobin ta hannun direba. Wanda ke ƙauyen da sabis sai an hau tudu, shi ma wannan ce dabararsa a kullum.

Batun kuɗin mita shi ne inda aka fi cutar mutane. Hanya biyu ce. Ko dai ka samu ta shirin gwamnati, wanda kyauta ne, irin wanda aka fara a ƙarshen 2020 da mita miliyan 1 bisa lamunin Babban Banki, da kuma waɗanda suka biyo baya da tallafin Bankin Duniya. Ko kuma ka biya da kanka ta tsarin da ake kira MAP, a kafa maka cikin ranakun aiki 10, sannan a riƙa mayar maka da kuɗinka kaɗan-kaɗan ta hanyar ƙarin yunit. A Satumban 2023 farashin da hukuma ta amince da shi ya kusa naira dubu 82 ga mita mai layi ɗaya, da kusan dubu 144 ga mai layi uku. A 2024 aka sakar wa 'yan kasuwa farashin, ya kuma haura. Duk wanda ya zo maka a kan babur da mita a cikin leda ya ce ka ba shi kuɗi a hannu, ka sallame shi da fatan alheri. Mitar da ba ta cikin rajistar kamfani ba za ta karɓi lambobi ba, kuma kowace ta gaskiya tana ɗauke da hatimin gwaji na hukumar NEMSA. Kuɗi a asusun da kamfani ya bayar ake zuba su, a karɓi rasit. Ta kyauta kuma kyauta ce har da kafawa, ba "na goro" a doka.

Sai bashi, wanda aka ce hanji ne. Gidaje da yawa suna da tsohon bashin ƙiyasi da ya taru shekara da shekaru, maigida yana biyan abin da ya samu yana jefa takardar a aljihun tebur. Ranar da aka kafa mita bashin ba ya mutuwa, biyo ta yake yi. Sai mutum ya sayi wutar dubu 5 ya ga yunit ɗin da aka ba shi bai kai ba, ya ce mitar ɓarauniya ce, alhali an cire harajin kashi 7.5 cikin ɗari ne, an kuma yanki wani abu na tsohon bashi. Kafin a kafa, a je ofis a zauna a tace lissafin. A nemi a gwada bil ɗin da aka riƙa kawowa da iyakar da hukuma ta ƙayyade, abin da ya wuce a nemi a soke shi, abin da ya rage a yi yarjejeniyar biyansa a rubuce. Wanda ya sayi gida ko ya kama haya, shi ma ya binciki asusun wutar kafin ya shigo da kaya.

Gidan haya da babban gida mai sassa da yawa su ne wurin da mita ɗaya ke haddasa fitina. Da bil ɗin ƙiyasi, karo-karo ake yi daidai wa daida a huta. Da mita kuwa, kowa ya zama mai gadin kowa. Jan ƙwan da ke jikin allon yana ƙiftawa a hankali, can sai ya fara ƙyafta ido da sauri, nan take wata ta leƙo tsakar gida: "Maman Abba, ke ce kika jona hita? Jiya-jiya fa Malam ya sa wutar nan." Daga nan sai gaba ta kwana uku. In da hali, kowane sashe ya nemi mitarsa. In babu, a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitar awo, a raba kuɗi bisa abin da ta nuna.

Ita kuwa Maman Abba ba sharri aka yi mata ba. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Dutsen guga, hitar dafa ruwa da risho na lantarki kowannensu yana cin yunit ɗaya ko fiye a awa. Fankar sama kuwa sai ta yi awa 13 ko 14 kafin ta cinye yunit guda. Tsofaffin ƙwayaye masu zafi 10, masu wat 60, in suka kwana a kunne awa 10 sun sha yunit 6. Farare na zamani masu wat 9 guda 10 ba za su cika yunit ɗaya a awa 10 ɗin ba. Wato abin da ke cin kuɗi shi ne duk abin da ke yin zafi, sai na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwan burtsatse. Cajin waya da talabijin da ake yi wa yara faɗa a kansu ba su taka kara sun karya ba.

Ba kowa zai ji daɗin mita ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Wanda ke da firiza uku yana sayar da ƙanƙara da zoɓo a kan bil ɗin gida, ko mai girki da wuta safe da yamma yana biyan abin da mai ƙwai biyu da fanka ke biya, kuɗinsa zai tashi. Ba mitar ce ta zalunce shi ba, a da maƙwabtansa ne ke ɗauke masa kaya, domin wutar da taransifoma ta fitar ana neman kuɗinta ne a kan duk wanda ba shi da awo. Wani sai ya nemi mai gyaran wuta ya zagaye masa mitar. Ban da haƙƙin jama'a da ke ciki, sabuwar mita tana kulle kanta in aka taɓa ta, tana kuma kai ƙara. Tun farkon 2025 tarar karon farko ga mai layi ɗaya naira dubu 100 ce, mai layi uku dubu 200, ban da biyan kuɗin wutar da aka sata.

Masu sola, waɗanda ke ƙaruwa kullum a Tudun Wada da Samaru da Gada Biyu, su ne suka fi kowa cin riba. An soke kuɗin wata-wata na dole tun 2016, yunit kuma ba ya lalacewa don an daɗe ba a sha ba. Mai sola zai iya barin wutar kamfani ta zama ta guga da jan ruwa kawai, ya yi wata biyu a kan sayayya ɗaya. Ba tare da mita ba, ko bai kunna komai ba takarda za ta zo.

Ra'ayina dai a karɓi mitar, bayan an tace bashi, an san rukuni, an kuma raba sassa. Kada dai a ɗora mata abin da ba nata ba: ba ta gyara taransifomar da ta ƙone, ba ta ƙara wa wuta ƙarfi, ba ta tayar da fal ɗin da iskar damina ta kayar a hanyar Funtuwa. In ta lalace ba da laifinka ba, canza ta nauyin kamfani ne. A kai koke a rubuce ofishinsu, a riƙe kwafi. In ranakun aiki 15 suka wuce ba a warware ba, a ɗaukaka zuwa zauren sauraren koke na hukumar NERC. Ɗan haya kuma ya san cewa mita ta gida ce, ba ta mutum ba, ba a cire ta a tafi da ita ranar tashi. In shi zai biya kuɗinta, su yi magana da mai gidan tun farko a gaban shaidu, a rubuta yadda za a cire masa a kuɗin haya.